Shekarar da Aka Raɗa Min Hindiya

Kwanakin baya jikata Maryama ta dawo daga wani biki a unguwar Jarwal, nan Makka, fuska a kumbure. Wai wata tsohuwa ce ta tare ta, ta tambaye ta ko ita ce jikar Rakiya Hindiya, wadda ta ajiye carbi ta koma waƙar mutanen Hindu. Na yi dariya har na ƙware, amma da yarinyar ta fita sai abin ya dame ni. Ashe maganar nan ba ta mutu ba. Waɗanda suka raɗa min sunan duk sun riga mu gidan gaskiya, shi kuwa sunan yana nan da ƙafafunsa yana zaga gidajen biki. To, ku 'ya'yana da 'ya'yanku, tun da sauran numfashina gara ku ji daga bakina. In na tafi ba mai ba ku labarin sai irin wannan tsohuwar, wadda a lokacin ko zane ba ta iya ɗaurawa ba.

A shekarun da ake rushe gidajen da ke kewaye da Harami domin a faɗaɗa shi, muna zaune a wani hoshi a Jarwal, wato babban gida mai tsakar gida ɗaya, ɗakuna a kewaye, kowane ɗaki da iyalinsa. Ɗaki ya yi wuya a garin, domin duk wanda aka rushe wa gida ɗaki yake nema, wanda ya samu kuwa ya riƙe shi hannu bibbiyu. Namu ƙarami ne, amma daga ƙofarsa in ladan ya fara kiran salla kana iya alwala ka isa Harami ka sami sahu. Babanku Malam Sale yana cikin masu shibriya, gadon katakon nan da ake ɗora tsofaffin alhazai a kai, a ɗauka a ka, a yi ɗawafi da su. Ni kuma ina suyar waina a bakin lungu, goye da Habibu, babbanku, wanda a lokacin ko haƙori bai yi ba. Kusan duk hoshin mu ne Hausawa, waɗanda suka biyo ta Chadi da Sudan a ƙasa, wasu sun yi shekaru a hanya suna noma suna gaba.

Babbar gidan ita ce Gwaggo Asabe. Ba ƙanwar ubana ba ce, a hanya muka haɗu. Uwata ta rasu a wani ƙauye cikin Sudan ina 'yar ƙarama, Gwaggo ce ta ɗauke ni ta goya har bakin teku, ita ta raine ni, ita ta aurar da ni. Doguwa ce, ba ta dariya sai da dalili, kuma in aka tambaye ta garinsu sai ta ce ƙasar Kano, ta ja bakinta ta tsuke. Abu ɗaya da kowa ya sani game da ita, ba ta son waƙa. Ko waƙar daka mata suka ɗauko, sai ta leƙo ta ce a yi salati ya fi. Sana'arta wankan gawa. Duk macen da ta rasu a lungunanmu, Batakara irinmu ko Bayamaniya ko 'yar Jawa, Gwaggo ake kira, ta ɗauko ƙwaryarta da ganyen magarya da kafur. Matan unguwa sun ɗauki hannunta tamkar shaida. In Gwaggo ta wanke ki, kowa zai raka ki da addu'a. Ba a taɓa jin ta ƙi wanke wata ba, shi ya sa ba wanda ya san yadda abin zai kasance in ta ƙi.

A ɗakin ƙarshe, gindin matakalar soro, akwai wani tela Ba'indiye, Yusufu, da uwarsa. Matarsa ta rasu tun kafin su zo, su biyu ne kawai. Tsohuwar 'yar firit ce, kullum cikin farin mayafi, kowa Bibi yake ce mata. Larabcinta a karye, nawa ma ba a miƙe yake ba, amma mun fahimci juna sarai. Kullum bayan asuba in na hau soro ɗauko itace, sai in tarar da ita zaune ta fuskanci Harami, baya a miƙe, ido a rufe, carbi a hannu, ko ƙuda ya sauka a hancinta ba ta korarsa. Ni kuwa kun san ni, bakina ba ya hutawa. Wata safiya na tsaya a kanta.

"Bibi, barci kike yi ko kin cika ne, in kira Gwaggo?"

Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta buga tabarma da tafin hannu.

"Zauna, beti," in ji ta. Beti 'yata ke nan a yarensu. "Ke ko a salla gudu kike yi. Wa ke bin ki?"

Na so in mayar mata da wasa, amma gaskiya ta faɗa. Kafin Habibu na binne 'ya'ya biyu a jere, kuma tun daga nan zuciyata ba ta zauna wuri ɗaya ba. In na tayar da kabbara, jikina na kan darduma, hankalina na wurin goyo, ko yana numfashi, ko jikinsa ya yi zafi. Na zauna. Ta gyara min baya da hannunta, ta ce in ja numfashi a hankali har ya cika min ciki, in sake shi a hankali da sunan Allah a kansa, kada in ɗauko wani sai wancan ya ƙare. Ranar farko ƙafata ta yi sanyi, kullun waina ya kusa tsami. Amma na koma washegari, na sake komawa. Sannu a hankali na fara jin wani abu yana kwanciya a ƙirjina, har na iya yin raka'a biyu ban tuna da kasko ba. Wata rana na tambaye ta wane malami ne ya koya mata wannan zama.

"Ba malami ba ne, uwata ce," ta ce. "Mu Hindu ne a gidanmu. Kullum da asuba uwata tana kunna 'yar fitila, ta zaunar da ni a gefenta, mu yi ta maimaita wasu kalmomi da murya har hankali ya taru wuri ɗaya. Da na musulunta na auri uban Yusufu, kalmomin na bar mata, zaman na taho da shi. Mace ce ta kirki, beti. Ba ta taɓa cin abinci maƙwabci na jin yunwa ba."

Ban faɗa wa kowa wannan ba. Ba don ina ganin abin kunya ba ne, na dai san mutanenmu.

Bayan ƙaramar salla, ana tsakiyar zafi, Bibi ta faɗi a gindin randa. Yusufu da babanku suka kai ta wurin likita, aka dawo da ita ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Yusufu namiji ne, ba zai iya yi wa uwarsa wanka da tsarki ba, ga shi sai ya taka keken ɗinki za su ci. Ba wanda ya ce in je, na dai ga ba kowa, na shiga. Ina juya ta, ina ba ta kunu da cokali, ina wanke mata zannuwa. Hankalinta yana nan garau. In aka kira salla sai ta kafe ni da ido har sai na yi mata alwala na juya ta alƙibla, ta yi sallarta da ƙifta ido da ɗan yatsan hagu. Sai dai harshen ya ƙi. Ta buɗe baki ta yi ta kokawa, ba abin da ke fita sai iska da miyau.

Wata safiya da hantsi, mata na tsakar gida ana wanke-wanke, sai muka ji wata murya daga ɗakin ƙarshe. Ta fara daga can ƙasan ƙirji da baki a buɗe, sannan leɓe ya rufe, sautin ya ci gaba da gunji ta hanci har numfashi ya ƙare. Bayansa sai wasu kalmomi suka biyo, suna hawa suna sauka, tar da su, ba gargada ko kaɗan. Sai a koma farko. Na yar da kwanon hannuna na ruga da murna, ina cewa bakin Bibi ya buɗe. Na tarar da ita hawaye na bin kuncinta, tana girgiza kai, muryar kuwa tana ta fita. Aka aika aka kira Yusufu daga shago. Yana jin sautin tun daga zaure ya dafe bango. Gwaggo ce ta tare shi.

"Ya Yusufu, esh hada? Mene ne wannan uwarka take karantawa? Wannan ba Ƙur'ani ba ne."

Da ya yi ƙarya ya ce waƙar reno ce, da an wuce wurin. Amma Yusufu bai iya ƙarya ba. Ya sunkuyar da kai ya ce abin da mutanen Hindu ke kira mantara ne, kalmomin da suke maimaitawa domin su tattara hankali su kusanci abin bautarsu, kuma kakarsa ce ta koya mata tana yarinya. Ya rantse tunda aka haife shi bai taɓa ji a bakinta ba sai yau. Na dubi Gwaggo, na ga fuskarta ta canza yadda ban taɓa gani ba.

"A Makka?" ta ce. "Ana hango Harami daga soron nan? To wallahi, in ta mutu da wannan a bakinta, hannuna ba zai taɓa ta ba. Halas, magana ta ƙare."

Ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Kowa ya san ma'anar abin da ta faɗa. In Gwaggo ta ƙi, ba macen da za ta yarda ta wanke Bibi a duk Jarwal, kuma matar da ta shekara hamsin tana salla za a fita da ita ana tambayar ko ta cancanci a sallace ta.

Matan gidan ba mugaye ba ne, sun yi iya abin da suka sani. Suka riƙa shiga suna yi mata kalmar shahada a kunne da ƙarfi kamar kurma. Wata in muryar ta taso sai ta toshe mata baki da hannu. Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi. Duk lokacin da aka yi mata haka sai jikinta ya ɗauki rawa, ta yi ta kokawa da harshe har ta gaji, ba ko harafi ɗaya. Babanku ya je ya tambayi wani malami da ke karantarwa a Harami, ya dawo ya ce malam ya ce wanda ciwo ya ƙwace wa harshe ba a kama shi da abin da harshen ya furta. Gwaggo ta saurara har ya gama.

"Malam ya yi gaskiya," ta ce. "Sai ya zo ya wanke ta."

Ni kuwa da nake wuni da ita, na lura da abin da su ba su lura ba. In aka ƙyale ta muryar nan ta yi tafiyarta, rawar jikin sai ta tsaya, numfashinta ya daidaita, fuskarta ta koma irin ta soro. Na kuma lura ba kalma ce ta rage mata ba, muryar ce ta rage, kalmomin suna hawa kanta ne kawai su fito. In ta so ta ce ruwa, ba ya fita. In ta kama wannan murya, dogon zance ke fita sumul. Sai na ce a raina, in dai wannan ce kaɗai hanyar da ta saura tsakanin zuciyarta da bakinta, to ta nan kalmar shahada za ta bi. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata. Na ce zan koyi muryar, in ɗora La ilaha illallah a kanta, mu yi tare har harshenta ya kama. Ta damƙe hannuna da hannunta mai lafiya har sai da na ji zafi.

Koyon ba sauƙi. Muryarmu ta Hausa daban take hawa, tasu kuma tana lanƙwasa a inda ba ka zata ba. Dole na zauna ina sauraronta tana yi da kalmominta, ina bin ta da gunji, baki a rufe, har hawa da saukar suka zauna min a kai. Ban taɓa furta kalmomin ba, ban san ma'anarsu ba, ban kuma tambaya ba. Amma bangon hoshi ba ya riƙe sirri. Abin da matan gidan suka ji shi ne a da murya ɗaya ce ke fitowa daga ɗakin ƙarshe, yanzu sun zama biyu. Kafin mako ya zagayo labari ya kai bakin lungu. Masu sayen wainata suka fara wucewa suna kallon wani gefe. Wata da muke cin abinci kwano ɗaya ta janye 'yarta daga kusa da Habibu. A nan ne aka raɗa min Hindiya, kuma ba a bayan idona kaɗai ake faɗa ba.

Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Tunda ta goya ni ban taɓa yi mata musu ba.

"Rakiya, ni na ɗauko ki daga kan kabarin uwarki. Ban kawo ki Ɗakin Allah don ki koyi wannan ba. Ki fita daga ɗakin nan."

"Gwaggo, ki shigo ki ji abin da nake ɗorawa a kai. Sau ɗaya kawai."

"Ba na shiga. Muryar dai ita ce, ko me kika ɗora mata. Ke yarinya ce, ba ki san abin da murya ke jawowa ba."

"To ki yafe min, Gwaggo. Ba zan fita ba."

Na fito na je bayan ɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska, na koma wurin Bibi.

Da aikin Hajji ya matso sai wakilin mai gida ya zo. Yana ba alhazai hayar soro da zaure a lokacin, ya ce ba zai yarda a ce a gidansa ake abin Hindu ba. Ba zai iya korar Yusufu da mara lafiya ba, mutane za su zage shi, amma mu lafiyarmu ƙalau. Ya ce wa babanku ko matarsa ta daina, ko in Muharram ya kama, lokacin sabunta haya, mu nemi wani wuri. Babanku ya shigo ya zauna a bakin gado, ya cire hula. Kansa duk ya yi kanta saboda ɗaukar shibriya.

"Rakiya, kin san ba ɗaki a kusa. In muka bar nan sai bayan gari."

"Na sani, Malam."

"Kin tabbata za ta faɗa?"

"Ban tabbata ba. Na dai tabbata in na bari ba za ta faɗa ba."

Ya daɗe yana juya hular a hannu. Sannan ya ce tayyib, shi ke nan, Allah ya sa mu dace. Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, ko a ranakun da muka yi faɗa a kan wani abu daban. Ku riƙa yi masa addu'a, domin shi ya biya kuɗin taurin kaina da ƙafafunsa.

Muharram na kamawa muka kwashe 'yan komatsanmu muka koma Aziziyya. Kada ku dubi Aziziyyar yau mai benaye da motoci. A lokacin duwatsu ne da awaki da 'yan bukkokin kwano, ruwa sai an saya daga nesa, kiran sallar Harami kuwa ko a mafarki. Babanku kullum sai ya taka zuwa wurin aiki ya tako ya dawo. Ni ma haka. In na idar da asuba sai in goya Habibu in kama hanyar Jarwal, in ratsa tsakar gidan da aka kore ni, ina gaishe da kowa da sunanta ko ta amsa ko kada ta amsa, in shige ɗakin ƙarshe. In jingina Bibi da bango, in miƙar mata da baya yadda ta taɓa miƙar da nawa, mu ja numfashi tare. Takan fara da gunjin nan nata, don sai da shi ƙofar ke buɗewa, ni kuma in tare ta da kalmar shahada a kan muryar. Ta fi wata biyu tana zamewa tana komawa kalmomin uwarta. Ban taɓa toshe mata baki ba. In ta zame sai in bar ta ta kai ƙarshe, mu sake ja. Abin da ban zata ba, ni ma zaman yana yi min aiki. Duk zagin da na kwaso a hanya, in na zauna a ɗakin nan sai in ji ya sauka, har na gane ban taɓa faɗin kalmar nan da dukan zuciyata ba sai da na zo koya wa wata.

Wata safiya a ƙarshen numfashi, inda muryar ke sauka, na ji ta ce Allah. Na yi tsit don in tabbatar ba ni ba ce. Ta sake ja, ta sake cewa. Muka kalli juna, ta yi dariya da rabin bakinta. Bayan wasu makonni illallah ta zo. Sai dai muryarta ta yi rauni ƙwarai, daga waje ba a jin komai sai tashi da saukar sautin. Na faɗa wa matan gidan, suka ce ai dole in faɗi haka. Gwaggo kuwa in ta hango ni sai ta juya baya.

Ranar da Bibi za ta cika, na iso na tarar numfashinta na sama-sama, Yusufu ya fita neman likita. Na ɗaga ta na jingina ta a ƙirjina. Na fara muryar a hankali, ta biyo ni. Ba ta yi gunjin farko ba, ba ta zame ba, ta ɗauko kalmar tun daga La har ƙarshenta, ta sauke ta inda muryar ke sauka. Ba ta sake jan wani numfashin ba. Daga ni sai Habibu da ke barci a bayana.

Na fito tsakar gida na faɗa. Mata suka yi salati, amma ba wadda ta motsa, duk suna kallon ƙofar Gwaggo. Ƙofar ba ta buɗe ba. Wata ta ce min a hankali, ke kaɗai kika ji, Rakiya. Na ce Wanda na yi dominsa ya ji. Na kwance Habibu na miƙa wa Yusufu da ya dawo yana kuka a zaure, na ɗebi ruwa a bokiti, na shiga na sakaya labule. Ban taɓa wanke gawa ba. Na sha riƙe wa Gwaggo ƙwarya a bakin ƙofa, amma ban taɓa sa hannu ba. Na rufe ta da zane, na yi bisimilla, na kama hannunta na kusa da ni.

"Da dama ake farawa, ke 'yar nan."

Gwaggo ce tsaye a bakin ƙofa, ta ɗaga labule da yatsa ɗaya, ƙafarta ba ta ƙetare dokin ƙofa ba. Na koma dama. Ta ce ruwan ya yi yawa. Ta ce in tallafi kan. Ta ce zanen ya zame ta ƙasa, in ja shi. Da ta ga na rasa hannun da zan ja da shi, sai ta yi tsaki ta shigo don ta gyara zanen kawai. Ta kama gefensa, sai ta tsaya. Ƙafar Bibi ta hagu ce a fili. A kan idon sawun akwai baƙar kanta mai kauri, irin wadda zaman tahiya ke yi wa ƙafar da aka daɗe ana zama a kanta. Gwaggo ta sa babban yatsa ta shafa ta. Ta ɗaga zanen kaɗan ta duba gwiwoyi, su ma haka. Ta fi kowa sanin abin da take gani, domin ƙafafun matattu nawa suka bi ta hannunta.

"Wannan ƙafar ta fi tawa salla," ta ce. Sannan ta ɗaga murya ta yadda tsakar gida za ta ji. "A miƙo min ƙwaryata da magarya. Azumin kaffarar rantsuwata kuma ni zan yi, ba ku ba."

Ita ta wanke Bibi, ni ina zuba ruwa. Aka sallace ta a Harami bayan la'asar, matan hoshin kuma suka dafa abincin zaman makoki kamar ba su ne ba. Da maza suka tafi maƙabarta, Gwaggo ta ce in biyo ta soro. Muka zauna a inda Bibi ke zama. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Kin sha tambayata garinmu," ta ce. "A gidan Maguzawa aka haife ni. Uwata 'yar bori ce, a cinyarta na koyi waƙoƙinsu. Na musulunta, na tako har nan da ƙafata, na wanke gawa ba adadi, amma ko ɗaya ban manta ba, Rakiya. Suna nan a kwance. Ranar da na ji matar nan, ba ita na ji tsoro ba."

Ta juyo ta dube ni, na ga matar da ta goya ni ta tsufa.

"In tawa ta zo, kika ji bakina ya koma gida, kada ki bari su toshe min shi. Ki zo ki zauna."

"Zan zo, Gwaggo. Amma sai kin koya min muryar tun yanzu. Ta Bibi ta ba ni wuya, don a makare na fara."

Ta waiga ta tabbatar ba kowa a matakala. Sannan matar da ta hana mu waƙar daka ta rufe ido, ta fara rera wata waƙa ƙasa-ƙasa, ni kuma ina bin ta da baki a rufe.

Ɗakinmu na Jarwal bai dawo ba, an riga an ba wani, sunan kuma bai goge ba. Maryama, in wata ta sake tambayarki ko ke jikar Rakiya Hindiya ce, ki ce ƙwarai kuwa, ki kuma gaishe ta. Gwaggo ta yi shekaru bayan nan, a ƙarshe na ɗauko ta ta dawo wurina a Aziziyya. Habibu zai iya tunawa da safiyar da ta farka ba ta gane kowa ba, ta buɗe baki wata tsohuwar waƙa ta fito, matan da suka zo dubiya suka fara kallon juna. Na ce su matsa min. Na jingina ta da bango, na miƙar mata da baya, na ja numfashi. Na san muryar.